Kalmar "fine" da yadi biyar na leshi

Na iso Legas daga Maraɗi a shekarar 2018, na biyo ta Ɗan Isa da Jibiya, na kwana biyu a Kano kafin na hau motar da ta sauke ni a Agege, inda kawuna ya daɗe yana sayar da shadda da leshi. A cikin unguwa ban ji baƙunta ba, domin da Hausa ake gaisawa a masallaci, da ita ake ciniki wurin mai shayi. Baƙuntar takan taso ne idan mai saye ya tsaya a bakin shago, saboda yawancinsu Yarabawa ne da Ibo, ni kuwa Faransanci na karanta a lakwal, Ingilishi sai abin da ba a rasa ba. Awo ma sai da na sake koyo, domin a gida da mita muke auna shadda, a nan kuwa da yadi, wanda bai wuce santimita 91 da 'yan kai ba.

Kalmar da ta fara shiga kunnena ita ce "fine", don ba a rabin awa a shagon ba a furta ta ba. Na ɗauka na san ta, tunda a Faransanci akwai "fin" da "fine", ma'ana siriri ko marar kauri. Saboda haka ranar da wata mata ta shafa shadda ta ce "this one is fine", sai na zaci kushe take yi, na hau rantsuwa da ɗan Turancina cewa shaddar tana da nauyi. Kawu ya bari ta tafi, sannan ya ce: "Kai yaro, yabon kayanka ake yi kana musu? A Legas in an ce abu fine, ana nufin yana da kyau." Daga baya na gane cewa ma'anar sirantar ma tana nan a Ingilishi, shi ya sa ake cewa "fine thread" ga siririn zare, sai dai a kasuwa ma'anar kyau ce ta yi rinjaye.

Wani ɗalibi ɗan Zariya da muke kwana ɗaki ɗaya shi ya warware mini ƙa'idarta. Ya nuna mini cewa sifa a Ingilishi ba ta sauya kama, alhali mu muna cewa farin yadi, farar riga, fararen huluna, Faransanci ma yana bambanta namiji da mace da jam'i. Ita kuwa "fine" yadda take haka take a "fine cap" da "fine caps", kuma gaban suna take zama, ba bayansa ba kamar yadda nake yi in ce "lace fine". Idan za ta zo a baya, dole a sa mata kalma irin su "is" ko "are", a ce "the lace is fine". A Turancin buroka ne ake zubar da wannan a ce "e fine well well", kuma babu laifi a kasuwa, amma shi ya nace in riƙa sanin wanne nake yi a cikin biyun. Wajen kwatanci kuma, inda muke cewa wannan ya fi wancan kyau, su "finer" suke cewa, ba "more fine" ba, ko da yake ni har yau harshena yakan zame.

Duk wannan karatu bai hana ni tafka asara ba. Wata Asabar kawu ya tafi kasuwar Balogun saro kaya, ya bar ni ni kaɗai. Wata mata ta zaɓi leshi ruwan zuma, ta ɗaga shi a hasken ƙofa, ta tambayi kuɗin yadi biyar. Da na faɗa mata sai ta yi murmushi, ta ɗan ɗaga tafin hannu, ta ce "no, it's fine, thank you". Ni "fine" kawai na ji, kuma an riga an koya mini cewa yabo ce, don haka kafin ta gyara jakarta na auna, na sa almakashi na yanke. Ta tsaya tana kallona cikin mamaki, sai da maƙwabcinmu mai sayar da takalma ya shigo ya fassara: matar cewa ta yi a bar shi, ta gode. Ashe "it's fine" kan zama ba komai, ko ya isa haka, wato hanyar ƙin abu cikin ladabi, kamar yadda mu ma in an yi mana tayin abinci muka ce alhamdu lillahi, ba cewa muka yi a zubo ba. Leshin nan ya yi wata biyu a shago kafin aka saye shi da ragi, kuma kawu bai cire ko kwabo daga kuɗina ba, amma ya mayar da abin labarin da yake ba duk baƙon da ya zo daga Maraɗi.

A ganina wahalar kalmar ba a nahawunta take ba, tana wajen sauraron abin da ke kewaye da ita. "I am fine" amsar gaisuwa ce, daidai da lafiya lau, ko da mutum bai kwana lafiya ba. Idan kuma aka ce direban danfo, wato ƙaramar bas ɗin haya ta Legas, zai biya "fine", wannan tara ce, suna ce ba sifa ba, kuma babu abin kyau a cikinta. Yanzu in mai saye ya ce "it's fine", nakan dubi hannunsa da fuskarsa, sannan in tambaya a fili, "should I cut it?", kuma almakashin yana cikin aljihun tebur har sai na ji "yes".