Ƙafar ɗan ashirin da ƙafar ɗan sittin a kan dutse ɗaya

Masu raka mutane hawan dutse sun san inda kowane rukuni yake gamuwa da matsalarsa. Saurayi ɗan ashirin yakan gamu da tasa tun a hanyar hawa: ya fara da sauri, ruwansa ya ƙare kafin rabin tafiya, kai ya ɗauki sarawa. Dattijo ɗan sittin kuwa yakan kai ƙololuwa lafiya lau, ya zauna ya sha iska, sai an juyo gangara gwiwa ta fara karkarwa. Hawa aikin zuciya ne da huhu. Sauka aikin cinya ne da gwiwa da ido. Shekaru suna taɓa duka biyun, amma na biyun ne ke kayar da mutum, kuma shi ne mutane ba sa yi wa shiri.

Lissafin zuciya mai sauƙi ne. Iyakar bugun da zuciya ke iya yi a minti ɗaya yana raguwa da shekaru, kuma ƙiyasin da aka saba yi shi ne a cire shekarun mutum daga 220. Ɗan 25 yana da wajen 195, ɗan 65 yana da wajen 155. Ƙiyasi ne kawai, mutane sun bambanta, amma yana nuna dalilin da ya sa gangaren da yaro ke haurawa yana hira yake sa babansa haki. Ba sai an sayi agogon auna bugun zuciya ba. Ma'aunin da ya fi amfani a kan hanya shi ne gaisuwa: idan za ka iya yi wa abokin tafiyarka cikakkiyar gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, ba tare da numfashi ya katse maka magana ba, saurinka daidai ne. Idan kalma biyu kake fitarwa ka tsaya, ka rage taku. Ka rage tsawon takun, ba wai ka riƙa tsayawa kowane minti biyar ba, domin tashi da tsayawa sun fi tafiya a hankali cin ƙarfi. Masu shan maganin hawan jini irin su atenolol su lura cewa maganin yana danne bugun zuciya, don haka lissafin 220 ba ya aiki a kansu, gaisuwar ce ma'auninsu.

Akwai tsohuwar ƙa'idar lissafin lokaci da wani mahayin dutse ɗan Sikotilan, William Naismith, ya kawo a 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Tafiyar kilomita 10 zuwa da dawowa mai hawan mita 600 ke nan awa uku. Wannan lissafin matashi ne mai lafiya da bai tsaya ko'ina ba. Shawarata, wanda ya haura arba'in ya ƙara kashi ɗaya cikin huɗu, wanda ya haura sittin ya ƙara rabi, sannan kowa ya ɗora lokacin salla da cin abinci a kai. Daga nan a tsayar da lokacin juyowa tun a gindin dutse, kuma a cika shi ko an kai sama ko ba a kai ba. A ƙasarmu rana na faɗuwa daga wajen ƙarfe shida zuwa bakwai, duhu kuma ba ya jira.

Matashi abin da yake nema shi ne ƙololuwa da hoto da a ce shi ya fara isa. Ban ga laifin wannan ba, shi ne ma ke fitar da mutum daga ɗaki. Jikinsa yana yafe masa kusan komai: ya hau da silifa, ya kwana bai yi barci ba, gobe ya tashi garau. Abin da jiki ba ya yafewa a kowane shekaru shi ne zafin rana da rashin ruwa. A lissafa rabin lita, wato leda ɗaya ta fiya wata, ga kowace awa ta tafiya a hunturu, a kusan ninka hakan idan bazara ta shigo. Tafiyar awa huɗu lita biyu ce mafi ƙaranci, kuma lita biyu kilo biyu ce a baya, shi ya sa samari ke barin ta a mota. Haɗarin saurayi na biyu shi ne yanke hanya a kan falalen dutse. Duwatsu irin na Kufena a Zariya da na Shere a gefen Jos suna riƙe takalmi sosai idan sun bushe, amma da damina, inda ruwa ya bi ya bar baƙin layi da gansakuka, santsinsu ya fi na sabulu.

Tsakanin shekara talatin da biyar zuwa hamsin ma ana jin rauni, kuma dalilin ba tsufa ba ne. Mutum yana tuna abin da jikinsa ke yi shekara goma sha biyar da suka wuce, alhali yanzu wuni yake a kujerar ofis ko a bakin shago, tumbi ya ƙaru da kilo goma. Tsoka tana fara raguwa a hankali tun daga shekara talatin ga wanda ba ya motsa ta. Sai ranar Asabar ɗaya a wata ya ɗauki tafiyar da ya yi yana ɗalibi. Sakamakon sananne ne: targaɗe a idon sawu, ciwon jijiyar bayan diddige, ko ciwon tafin ƙafa da ke soka mutum a takun farko da asuba. Maganin wannan rukuni yana cikin kwanakin mako, ba a kan dutse ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu. Minti talatin na tafiya mai ɗan sauri bayan sallar asuba, kwana biyar, ya cika lissafin. Mutumin Kano yana da matakalar Dala, wanda ba shi da dutse kusa yana da matakalar bene. A wannan shekarun ne kuma ake fara tafiya da yara, kuma yaro ba ya cewa ya gaji sai ya zauna ya ƙi tashi, don haka a auna tafiya da ƙafar ƙaramin cikinsu.

Yanzu ga batun gangara, wanda ya cancanci a daɗe a kansa. Lokacin sauka, tsokar gaban cinya tana aikin birki: tana miƙewa alhali tana riƙe da nauyin jiki. Wannan irin aiki ne ke kawo tsamin jiki da ke tsananta kwana ɗaya zuwa uku bayan tafiya, kuma a kowane taku gwiwa tana ɗaukar nauyin jiki ninki-ninki. Idan cinya ta gaji, birki ya saki, sai nauyin ya koma kan gaɓar kanta da guringuntsin da ya riga ya fara sirancewa. A lokacin ne za ka ga ƙafar mutum tana rawa idan ya tsaya, yana jefa ta gaba a miƙe maimakon ya ajiye ta. Faɗuwa tana kusa ke nan. Ga mata bayan al'ada ta ɗauke abin ya fi nauyi, domin ƙashi yana rage ƙwari da sauri a shekarun nan, faɗuwar da da za ta tsaya a ƙujewa tana iya karya wuyan hannu ko ƙugu.

Yadda ake sauka shi ne gajeren taku, gwiwa a ɗan lanƙwashe kullum, ƙirji a kan ƙafa. Tsoro yana sa mutum ya jingina baya, kuma jingina baya ne ke sa diddige ya zame a kan tsakuwa. Inda gangaren ya yi tsaye a bi shi a karkace, dama da hagu, ko a juya gefe a sauka ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Kafin a fara sauka a tsaya a ƙara ɗaure igiyar takalmi ta wajen idon sawu, in ba haka ba yatsu za su riƙa dukan gaban takalmin har farce ya yi baƙi ya cire. Ana kuma horar da cinya don wannan aikin a gida: ka tsaya a kan matakala mai tsawon taƙi ɗaya, ka sauke ƙafa ɗaya ƙasa a hankali kana ƙirga uku, ka dawo, sau goma kowace ƙafa, zagaye uku, kwana biyu ko uku a mako. Ka haɗa da tashi daga kujera ba dafawa, da tsayuwa a ƙafa ɗaya ta daƙiƙa talatin kusa da bango. Mako shida zuwa takwas ake fara jin bambanci.

Sanda ba alamar gazawa ba ce. Makiyayi ɗan shekara goma sha biyar ma ba ya shiga daji ba ita. Tsawonta daidai shi ne idan ka riƙe ta a miƙaƙƙiyar ƙasa, gwiwar hannunka ta yi kusurwa kamar ta bango. Sandunan zamani da ake iya daidaita tsawonsu ana rage su da santimita 5 zuwa 10 a hawa, a ƙara haka a sauka, kuma biyu sun fi ɗaya. Wanda ke da ta gora sai ya riƙa sauya wurin riƙo. Takalmi kuwa, ƙafa tana faɗaɗa da shekaru, kitsen da ke ƙarƙashin diddige yana raguwa, lambar da ka sani tun kana saurayi ba lallai ta ci gaba da yi maka ba. A gwada takalmi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za a yi tafiya da ita, a bar faɗin babban yatsan hannu a gaba. Jakar wuni kada ta wuce kashi goma cikin ɗari na nauyin jiki: mai kilo 70, kilo 7. Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne tabarau mai hawa biyu. Gilashin ƙasa na karatu ne, yana dusashe wurin da ƙafa za ta sauka. A sa na hangen nesa kawai, ko a sunkuyar da kai sosai. Tocila kuma ta shiga jaka ko da tafiyar safe ce, saboda idon ɗan sittin yana buƙatar haske fiye da na yaro nesa ba kusa ba.

Dattijo ba ya jin ƙishirwa da wuri kamar da, jikinsa kuma ba ya fitar da zafi da sauri. Shi ya sa zai sha ruwa da agogo, kurɓi uku ko huɗu kowane minti ashirin, ya kuma duba launin fitsari. Idan zufa ta yi yawa, lita ɗaya a haɗa mata ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Mai shan maganin da ke sa fitsari ya fi kowa saurin bushewa. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan glibenclamide sugansa na iya faɗuwa a tsakiyar hawa: rawar hannu, zufa mai sanyi, rikicewar magana. Dabino uku ko cokali ɗaya babba na sukari a ruwa, a jira minti goma sha biyar, a maimaita in bai dawo ba, kuma abokan tafiya su san aljihun da abin yake. Ɗabi'ar da nake roƙon a bari ita ce haɗiyar diclofenac ko ibuprofen kafin a fara tafiya don kada gwiwa ta dame mutum. Su da rashin ruwa a jiki suna cutar da ƙoda, sannan suna rufe bakin ciwon da ke gaya maka ka tsaya. Nauyi ko matsewa a ƙirji, jiri, ko haki da bai lafa ba bayan hutawa, tafiya ta ƙare nan take, sai asibiti.

Tsauni mai tsawo sosai yana da nasa hukunci, kuma abin mamaki bai fi tsananta wa tsofaffi ba. Ciwon tsawo, wato ciwon kai da amai da ƙarancin iska a can sama ke kawowa, yana farawa ne daga wajen mita 2,500, kuma saurin hawa ne ke jawo shi. Chappal Waddi a Taraba, mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne, wahalarsa nisan tafiya ce ta kwanaki. Kilimanjaro a Tanzaniya mita 5,895 ne, kuma a can samari masu ƙarfi sukan juyo da amai da ciwon kai yayin da masu furfura da suka zaɓi hanyar kwana bakwai ko takwas maimakon biyar suke isa. Sannu ba ta hana zuwa. Mu kuwa babbar tafiyar ƙafa da yawancin iyayenmu ke yi a tsufansu ita ce aikin Hajji. Safa da Marwa kaɗai sun kai wajen kilomita uku, ban da ɗawafi da zirga-zirgar jifa, wasu kuma su ƙara da hawan Jabalun Nur zuwa kogon Hira, wanda ba ya cikin ayyukan Hajji kuma saukarsa tana wahalar da gwiwa ƙwarai. Duk shirin cinya da takalmi da ruwa da aka ambata, maniyyaci ya fara shi wata uku kafin tashi.

Da shekaru suka ja, abin da ido ke nema ma yana sauyawa, kuma a ganina tafiyar tana ƙara daɗi ne. Wanda da yake wuce komai don ya kai sama yanzu yana tsayawa a gindin gawo yana lura da yadda ya zubar da ganye da damina ya tofo da rani. Yana bambanta marke da ƙirya, yana jiran isowar shamuwa kafin ruwan farko. A Kufena ragowar tsohuwar ganuwa ta fi ƙololuwa jan hankalinsa, a Dala kuma yana tambayar inda maƙeran farko suka narka tama fiye da shekara dubu da suka wuce. Masu sha'awar tsuntsaye suna da dajin Amurum kusa da Jos, inda cibiyar binciken tsuntsaye take, tafiyar awa biyu da sassafe ba hawan kirki. Irin wannan yawo yana son fita bayan asuba a dawo kafin hantsi ya yi zafi, tsakanin Nuwamba da Fabrairu, mutum uku zuwa biyar, mafi jinkiri a gaba. A nemi ɗan gari ya yi jagora, a gaida mai unguwa a tambaye shi halin tsaron wurin a makon nan, kada a dogara da labarin bara. Wando dogo da takalmi rufaffe, kuma kada a zura hannu a kogon dutse ko a ɗaga dutse da hannu, saboda kububuwa. Bayan tafiya mai nauyi, ɗan sittin ya ba jikinsa kwana biyu ko uku kafin wata, yana ɗan zagaya unguwa a tsakani don kada ƙafa ta sandare.