Man da ƙafafun mota ke sha

Direba in ya shigo garejinmu a Maraɗi yana kukan mota ta koma shan mai, injin yake zargi. Ni kuwa aikin nan ya koya mini in fara durƙusawa gaban taya, in shafa ta da tafin hannu. In gefe guda ya cinye ya bar ɗaya, ko na ji kaifi-kaifi yana kama mini fata, ƙafafun gaba sun daina kallon wuri ɗaya. Rotil, wato mahaɗin da ƙafar mota ke juyawa a kansa, ya yi wasa, ko robobin hannun ƙafa sun mutu, saiti ya gudu.

Ubangidana ya taɓa zana mini lissafin a ƙasa da sifana. Taya in ta karkace da digiri 1 kacal, a kowace kilomita ana jan ta a kaikaice wajen mita 17. Daga nan zuwa Yamai ta Ƙonni da Dogondutsi da Doso ya haura kilomita 600. Duk wannan gurzar injin ne ke biyan ta, kuma direba ba ya jin komi a sitiyari sai ɗan fizga da ya riga ya saba da ita.

Amotisa ita kanta ba ta cika shan mai ba, ko da yake masu sayar da kayan gyara ba su son a faɗi haka. Aikinta ta hana mota rawa bayan ta faɗa rami, ta manne taya da kwalta. In ta mutu, taya na tsalle, tana cinyewa tabo-tabo, birki ya ƙara nisa, fasinja na baya kuma ya isa Damagaram da ciwon ƙugu. Man da ke tafiya a nan ƙafar direba ce ke zubar da shi: ya taka birki don motar na lilo, ya sake taka totur.

Inda muka fi jayayya da masu Hiace shi ne ƙarin lam a baya, wato fallayen ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin mota. "Malam, ƙara mini biyu, buhunan albasa zan ɗauko daga Galmi." In ka ƙara, da kaya ta zauna daidai. Ranar da ta dawo wayam kuwa baya ya ɗaga sama, kowane tsagin kwalta sai ya shiga ƙashin bayan mutum. Ga iska: mota mai tsayi, da kaya jibge a samanta, bango take turawa. Turjiyar iska tana ninkuwa da gudu, wanda ya tashi daga kilomita 90 a awa zuwa 120 ya ƙara ta da fiye da kashi 75 cikin 100. A cikin gari ba ka gane wannan, sai ka miƙe kan hanyar Tasawa.

Wasu kuma rage iskar taya suke yi don mota ta yi laushi. A yashi ko kan burji irin na ƙauye akwai hujja, amma a hau kwalta da ita haka cikin zafin Afrilu, taya na lanƙwasa tana ɗaukar zafi, mai na tafiya, fashewa kuma na kusa. Awon da kamfani ya sa yawanci yana manne a jikin ƙofar direba, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi. Mai faci a bakin tasha ya fi son ya buga ta da ƙarfe ya saurari ƙara, shi ya sa nake cewa direbobinmu su sayi ma'aunin kansu su ajiye a mota.