Yadda na jera ɓawon kawa bisa danginsu

An miƙo mini tarin ɓawon kawa, wato dabbar ruwa mai ɓawo biyu, a cakuɗe, aka ce in jera su a akwatunan nuni, kowanne kusa da danginsa. Tun a tashin farko na raba kawar da ake ci da kawar lu'ulu'u, don ba gida ɗaya suka fito ba. Wadda ake ci 'yar dangin Ostreidae ce, takan liƙe ɓawonta da dutse ta zauna daram, cikinta fari ne ba ƙyalli. Ta lu'ulu'u kuwa, wato Pinctada, da zarurruka masu tauri take riƙe dutse. Akwai 'yar tsaga a gefen ɓawon inda zaren ke fitowa, kuma mahaɗar ɓawon biyu a miƙe take sambal. Ka juya cikin ɓawon a hasken taga, sai launuka su yi ta wasa. Siraran fale-falen aragonait, wani ma'adini dangin alli, ne a jere bisa juna ke wannan ƙyalli, kuma da su ne dabbar take lulluɓe duk abin da ya shige ta har ya zama lu'ulu'u.

Manyan ba su ba ni wahala ba. Pinctada maxima ta tekun Ostareliya da Indonesiya takan kai santimita 30, margaritifera ta Tahiti kuma baƙin bakinta ya isa shaida.

Ƙananan ne suka sa ni gumi. Fucata ta Japan, wadda da ita ɗan kasuwar Japan Kokichi Mikimoto ya samu lu'ulu'un kiwo a 1893, da radiata ta Tekun Fasha, da imbricata ta Atilantika, kamar an tsaga kara. Siffar ɓawo tana bin wurin da dabbar ta girma, shi ya sa masana ma sai da gwajin ƙwayoyin halitta, kuma har yau suna ja-in-ja ko jinsi ɗaya ne. Takardar inda aka tsinto ɓawo ma ba hujja ba ce: radiata ta bi mashigin Suwez bayan buɗe shi a 1869, ta bazu a Bahar Rum.

Na ruwan daɗi, dangin Unionidae, can ƙarshen tebur na kai su. Su ke ba da akasarin lu'ulu'un da Sin ke fitarwa, amma zumuncinsu da Pinctada na nesa ne ƙwarai, a zuriyar da ta faro sama da shekara miliyan 500 da suka wuce.