Jadawalin sulke, da abin da na tafi da shi daga wurin aiki

Duk wanda ya taɓa rubuta jadawalin kayan yaƙi na wasan tebur irin Dungeons & Dragons ya san cewa rigima a layin sulke take. An gaji wani tsani na ƙarfin kariya tun ƙarshen shekarun 1970: rigar lifidi a can ƙasa, sai fata, sai fata mai ƙusoshi, sai sulken zobba, sulken farantan ƙarfe a sama. Shugaban sashenmu magana ɗaya gare shi a kan wannan: "A kwafo na da, 'yan wasa sun saba." Gyaran da na kai masa ya dawo da jan biro a kansa. Da ƙorafin masu sanin tarihi ya fara shigowa bayan an buga, sunana ne a shafin, ni aka tura in ba da haƙuri. A bugu na biyu gyaran nan ya fito daidai yadda na rubuta shi, da sunan wani a ƙasa. Allah Ya isa ban ce ba, amma ga abin da ke cikin gyaran don mai zuwa bayana.

Matakin farko na tsanin ne ya fi karkacewa. Lifidi ba rigar matalauci ba ce da kowace wuƙa ke hudawa. A Faransa ta ƙarni na 15 ana ɗinka wa dakaru riga mai ninki 25 zuwa 30 na yadin lilin, kuma sara ba ya ratsa ta da sauƙi. Mu da ke ganin 'yan lifida a hawan sallah bai kamata a yi mana wannan ba. Tarihin Kano ya ce tun zamanin Sarki Kananeji, 1390 zuwa 1410, lifidi da kwalkwali da sulke suka shigo, kuma tare aka ambace su. Dalili kuwa, sulken zobba ba a sa shi a kan tsirarar fata. Kowane zobe yana sarƙe da huɗu, an ɗaure bakinsa da ƙusa, don haka yana tare kaifi, amma ƙarfin duka yana wucewa ya karya ƙashi. Abin da ke shanye dukan shi ne rigar da aka cusa a ƙarƙashi. Jadawalin da ya ce ka zaɓi ɗaya daga cikinsu ya raba abin da mayaƙa ke haɗawa.

Fata mai ƙusoshi kuma kuskuren kallon hoto ne. Abin da ke cikin tsofaffin zane-zane riga ce da aka jera ƙananan farantan ƙarfe a cikinta, kawunan ƙusoshin da ke riƙe da su suka leƙo waje. Ƙarfen da ba a gani shi ne kariyar. Ƙusa a kan fata zalla ado ce.

Sai nauyi. Cikakken sulken farantai na fagen fama kilo 20 zuwa 25 ne, a rarrabe a jiki. Mai shi yana gudu, yana hawa doki da kansa, in ya faɗi ya tashi. Rigar zobba mai kilo 10 zuwa 12 ta fi cin kafaɗa, shi ya sa ake tamke ta da ɗamara. Inda farantai ke cutarwa daban ne: binciken Jami'ar Leeds na 2011 ya nuna tafiya a cikinsu tana cin ƙarfi kusan ninki biyu, saboda nauyin da ke ƙafafu da takurar numfashi. Don haka horon da dokar wasa za ta ɗora wa mai sulke, a kan gajiya da zafi ya kamata ya faɗa, bayan zagaye kaza na faɗa, ba a kan iya lanƙwasa jiki ba.

Abu ɗaya shugaban ya yi gaskiya a kai, wato barin kowane sulke da lamba ɗaya kamar na da, ko da yake ba karatu ne ya kai shi ba. In ka ba kowane sulke lamba uku, ta sara da ta suka da ta duka, mai jan wasa, wato alƙalin da ke tafiyar da labarin, zai yi ta leƙen takarda bayan kowace jifar dayis, teburin ya yi sanyi. Tsohon bugun Dungeons & Dragons na 1978 yana da jadawali mai kama da wannan, 'yan wasa da yawa tsallake shi suke yi. Lamba ɗaya da layin bayani ɗaya sun isa: "gudumar yaƙi tana rage biyu daga kariyar sulken zobba."

Sauran kaɗan ne. Takobin hannu ɗaya kilo 1 zuwa 1.5 ne, na hannu biyu da wuya ya wuce 3.5. Mashi ne babban makamin yawancin runduna, a daina mayar da shi na mai gadin ƙofa. Kan gudumar yaƙi ƙarami ne, bai kai dunƙulen hannu ba. Bakan yaƙi irin waɗanda aka tsamo daga jirgin ruwan yaƙin Ingila Mary Rose, wanda ya nutse a 1545, ƙarfin ƙato suke buƙata, ba siririn saurayi ba. Kowace lamba ka rubuta gidan tarihin da ka samo ta a gefe, ka tura ta imel mai kwanan wata, ka ajiye kwafi a wajen kwamfutar ofis.