Tafin da aka yi wa Robin Cook

Ɗazu da hantsi ina zaune ina latsa waya, sai na ci karo da bidiyon jawabin murabus na Robin Cook a Majalisar Wakilan Birtaniya, ranar 17 ga Maris, 2003. Na so in wuce, amma ban iya ba. Mutumin da ya riƙe ministan harkokin waje daga 1997 zuwa 2001, sannan ya zama jagoran majalisa, ga shi ya koma kujerun baya na 'yan majalisar da ba su da muƙami a gwamnati yana magana a natse, ba ɗaga murya, ba zagin Tony Blair, firaministan lokacin, har yabonsa ma ya yi. Ya ce shi dai ba zai goyi bayan yaƙin Iraƙi ba alhali duniya ba ta amince ba, mutanen ƙasarsa ma ba su gamsu ba. Yana zama sai tafi ya ɓarke, wasu har suka miƙe tsaye, a zauren da tafi ba al'adarsu ba ne. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Kwana uku bayan nan bama-bamai suka fara sauka a Bagadaza, jawabin bai hana komai ba. Shi kuma a 2005 ya yanke jiki ya faɗi yana hawan dutse a Sikotlan, ya mutu yana da shekara 59. Tun ɗazu nake tuna wani taro a wurin aikinmu da na ga ana shirin yin ba daidai ba, na sunkuyar da kai ina wasa da biro. Har yanzu shirun nan nawa yana damuna.