Tokoname, Garin Masu Gina wa Ƙananan Bishiyoyi Kasko

Na daɗe ina renon ƙananan bishiyoyi a bayan ɗakina, kariya da tsamiya da wata 'yar kuka, irin renon nan da Japanawa ke kira bonsai, inda ake datse rassa da saiwa har bishiya ta tsufa a cikin kasko ba tare da ta wuce gwiwar mutum ba. Daga baya sha'awa ta ja ni na fara gina musu kasake da hannuna. Duk wanda ya shiga wannan harka kuwa ba zai jima ba zai ji sunan Tokoname, don haka da aiki ya kai ni birnin Nagoya na ƙasar Japan sai na ce ba ni komawa gida sai na taka garin.

Jirgin ƙasa na Meitetsu na shiga, tafiyar ba ta kai awa guda ba. Garin yana gaɓar teku a yankin Chita na jihar Aichi, yana kallon babban filin jirgin sama na Centrair da aka gina a kan tsibirin da mutane suka cike da ƙasa, aka buɗe shi a 2005. Amma da zarar ka bar tasha ka fara hawan tudu, sai zamani ya koma baya. Tokoname ɗaya ce daga cikin tsofaffin matoya shida na Japan, tare da Seto da Shigaraki da Echizen da Tamba da Bizen, kuma tun ƙarni na 12 ake toya tukwane a nan.

Akwai wata siririyar hanya da aka ware wa baƙi masu yawon ƙafa, tana ratsa tsoffin gidajen magina masu baƙaƙen katakai da dogayen bututun hayaƙi na jan bulo. Na wuce wani ƙaton mutum-mutumin kan kyanwa mai ɗaga hannu da kowa ke tsayawa ɗaukar hoto, ban ɓata lokaci ba. Inda ya tsayar da ni shi ne gangaren Dokanzaka. Bango ɗaya an jera shi da tsoffin bututun laka na magudanar ruwa, ɗaya bangon da tuluna, ƙasa kuma an daɓe ta da tsingaro don kada santsi ya kwashi mai tafiya. Garin da yumɓu ya yi masa yawa har ya zama abin ginin katanga ke nan.

Can sama na iske matoyar Toei, wadda aka gina a 1887 aka yi ta aiki da ita har 1974. Ɗakuna takwas ne a jere suna hawa gangare. A ƙasa ake hura wuta, zafin ya riƙa ratsawa daga ɗaki zuwa ɗaki, ta yadda kafin a zo kan ɗaki na gaba ya riga ya ɗau zafi. Bututun hayaƙinta goma ne, na gefe sun fi na tsakiya tsawo, domin su ja wutar zuwa kusurwoyi kada kayan gefe su fito ɗanye. Na zagaya ta a hankali ina jinjina wa waɗanda suka gano wannan dabara da ido da gogewa kawai.

Sai bayan azahar na samu abin da na zo nema. Wani dattijo magini ya yarda na zauna a gefe ina kallo, wata matashiya da ke koyo a wurinsa tana yi mini tafinta. Na gaishe shi da sensei, kamar yadda ɗalibansa ke kiransa, wato malam. Kasko mai kusurwa huɗu yake yi. Ya yanko yumɓu ya shimfiɗa shi falle guda mai kauri ɗaya ko'ina, ya kwantar da shi cikin mazubin filasta, wato farin garin nan da ake kwaɓawa ya daskare kamar siminti, ya bi shi da yatsu yana dannawa, ya fi daɗewa a kusurwoyi. Filastar tana tsotse ruwan yumɓun, sai ya ɗan tsuke ya saki jikin mazubin da kansa. Daga nan aikin hannu zalla ne: gyaran baki, daidaita ƙafafu, huda manyan ramuka na fitar ruwa da ƙanana na wayar da ake ɗaure saiwa da ita, sannan ya buga hatiminsa a gindi.

Na tambaye shi wane mataki ne ya fi cin kaya. Na zaci wuta zai ce, sai ya nuna mini kantocin da aka jera ɗanyun kasake, wasu a lulluɓe. Shanya ce. Baki yana rigan gindi bushewa, idan aka bar iska ta yi yadda take so sai bango ya lanƙwashe ko kusurwa ta tsage, wani tsagin ma ba ya bayyana sai an fito da kaya daga wuta. Ga shi yumɓu yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin goma tsakanin gini da tuya, dole magini ya ƙara girman tun farko. Faffaɗan gindi marar zurfi irin na bonsai ya fi kowace tukunya saurin murɗewa, kuma kaskon da ƙafarsa ɗaya ba ta taɓa ƙasa ya tashi aiki.

Yanzu da gas ko lantarki yawancinsu ke tuya, zafin yana kaiwa wajen digiri 1,200. Dalilin wannan zafi sanyin ƙasarsu ne. Kaskon da bai gasu sosai ba yana shan ruwa, idan hunturu ya zo ruwan ya daskare a jikinsa sai ya fashe. Dattijon ya ɗauki wani gasasshe ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya yi ƙara garau kamar kwanon tasa. Yumɓun Tokoname yana da ƙarfe da yawa a cikinsa, shi ke ba shi jan launin da ya sa butocin shayinsu suka yi suna, kuma shi ne ke fita ruwan ƙasa mai duhu a kasake.

Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne yadda suke danne gwanintarsu saboda bishiya. Itatuwa masu ganye kamar allura, waɗanda ba sa kaɗewa, kasko marar ƙyalli ake ba su. Masu fure da masu zubar da ganye su ake yi wa mai ruwan ƙyalli, shuɗi ko kore ko fari-fari, shi ma a waje kawai, ciki ana barinsa da kaushinsa. Mutumin da zai iya zana duk abin da ya ga dama a jikin yumɓu sai ya haƙura da layi ɗaya a ƙarƙashin baki, don kada idon mai kallo ya sauka daga kan reshe. A ganina wannan haƙurin ya fi zanen wuya.

A jirgin komowa na riƙa tunanin Ladi Kwali, gwanar ginin tukwanen nan wadda hotonta ke bayan naira 20. A cibiyar koyar da ginin tukwane da wani Bature magini, Michael Cardew, ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, ta haɗa ginin hannu na Gbagyi da tuya mai tsananin zafi, shi kuma Cardew almajirin wani Bature magini ne, Bernard Leach, wanda ya koyi sana'ar a Japan. Ashe hanyar ta taɓa haɗuwa. Mu dai ba mu da ƙanƙarar da za ta fasa mana kasko, kuma tuyarmu ta fili da kara da itace tana barin yumɓu yana numfashi, abin da ke sanyaya ruwan randa. Matsalarmu ruwan watan Agusta ne, wanda ke ruɓar da gindin kariya idan ya kwanta. Saboda haka kasaken da zan gina nan gaba zan faɗaɗa musu ramuka, in ɗaga ƙafafunsu, in kuma shanya su a ɗaki a lulluɓe, nesa da iskar hunturu.