Saƙon barka da ya shiga gidan makoki

Ranar Alhamis da ta wuce na miƙa katin shiga ofis da kwamfutar aiki, bayan shekara huɗu ina tsara fuska da kalaman manhajarmu ta masu juna biyu. An yi mini 'yar walima, an yi jawabai, an yabi saƙonnin mako-mako da na ƙirƙiro, amma babu wanda ya ambaci mutumin nan da ya zo ofis da wayarsa mai tsagaggen gilashi, alhali duk wanda ke ɗakin ya san cewa tun daga ranar zuwansa na fara shirin tafiya.

Waɗanda muka yi aiki tare za su tuna yadda kalmar farin ciki ta zama kamar wuridi a bakinmu. Shugabanmu ya dawo daga wani taro a ƙasar waje da ita, ya sa aka rubuta ta a bangon ɗakin taro, daga nan kuma duk shawarar da aka kawo sai a tambaya ko za ta sa mai amfani da manhajar murmushi. Mun haddace matakai uku da Don Norman, masanin tsara kayan amfani, ya bayyana a 2004 game da yadda mutum ke ji da kayan da yake amfani da su: abin da ido ya fara gani zuciya ta karɓa, da daɗin aiki da abin, da kuma abin da mutum zai riƙa tunawa game da shi daga baya. Mun kuma sha kafa hujja da binciken da Masaaki Kurosu da Kaori Kashimura suka yi a kamfanin Hitachi na Japan a 1995, inda suka nuna wa mutane fasali 26 na allon na'urar cirar kuɗi, aka ga cewa wanda ya fi kyan gani shi mutane suka fi ɗauka a matsayin mai sauƙin aiki. Duk wannan ilimi ne ingantacce, sai dai mun ɗebi rabin da ya yi mana daɗi mun bar sauran.

Abin da na fi alfahari da shi shi ne saƙon girman ciki. Manhajojin Turawa suna kwatanta ɗan tayi da 'ya'yan itatuwan da matanmu ba su taɓa gani ba, ni kuwa na zauna na jera namu: ƙwayar gero, wake, gyaɗa, dabino, goro, lemun tsami, mangwaro, gwanda, har zuwa kankana. Muka ɗauki muryar wata dattijuwa mai taushin harshe tana karanta saƙonnin, saboda da yawa daga cikin matan ba sa karatun boko, kuma a tsakiyar kowane saƙo muka saka tunin zuwa awo, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga yawan ganawar mai ciki da ma'aikatan lafiya daga huɗu zuwa takwas a 2016. Mata sun so abin ƙwarai. Na ji da kunnena a layin awo wata tana ce wa ƙawarta nata ya kai mangwaro, suna dariya, na koma gida ranar ina jin babu wanda ya kai ni iya aiki.

A zanen farko da na yi akwai wani ɗan maɓalli a ƙasan allo mai ɗauke da kalmomi huɗu: ciki ya samu matsala. Idan mace ta taɓa shi, komai zai tsaya. A taron duba zane shugabanmu ya nuna shi da bakin biro ya ce mu farin ciki muke sayarwa, ba zai yarda mace mai ciki ta buɗe waya kullum ta ci karo da mugun fata ba. Ungozomar da muka ɗauko ta ba mu shawara, wadda ta shafe fiye da shekara ashirin a ɗakin haihuwa, ta ce masa, "Yallaɓai, ba duk cikin da aka ɗauka ake goya shi ba." Ya yi murmushi ya ce Hajiya ta saba ganin marasa lafiya ne shi ya sa. Nan aka juyo gare ni, kuma a nan ne laifina yake, domin da na tsaya tare da ita da maɓallin ya tsira. Na ce ni ma ina ganin kalmar ta yi nauyi, kuma a al'adarmu ba a yi wa mai ciki irin wannan baki. Gaskiya ne ba a yi, amma abin da ya sa na faɗa shi ne ina son shugaba ya ga ina tafiya da tunaninsa, a lokacin ana maganar ƙarin girma.

Ba mu tsaya nan ba. Da masu zuba jari suka fara tambayar yawan matan da ke ci gaba da amfani da manhajar, sai aka umarce ni in tsawaita hanyar fita. Na mayar da ita allo biyar, a na ƙarshe na sa hoton zanen jariri ya tura baki kamar zai yi kuka, a ƙarƙashinsa an rubuta, "Mama, tafiya za ki yi ki bar ni?" Da na nuna shi a taro har tafi aka yi mini. Saƙonnin tes da na murya kuwa daga wata na'ura dabam suke fita, ba su san an goge manhaja ko ba a goge ba, lissafin kwanaki kawai suke bi. Idan ranar da aka ƙiyasta ta cika sai su aika barka da sauka, bayan kwana bakwai su yi Allah ya raya, daga nan su shiga tunin rigakafi na mako shida da mako goma da mako goma sha huɗu.

Mutumin ya zo ne da rana tsaka, bayan azahar. Magidanci ne da bai wuce shekara talatin da biyar ba, da hula da 'yar jakar leda a hannu, ya ce an yi ta tura shi daga wannan lamba zuwa waccan har ya gaji ya nemo adireshin. Ni aka kira saboda ni ce mai Hausa a kusa. Bai ɗaga murya ba. Ya ajiye wayar a kan tebur, ya fara jan saƙonnin da babban yatsa a hankali, yana tsayawa a kan kowanne don in karanta. Ya ce matarsa cikin fari ne, a wata na bakwai naƙuda ta zo mata, ɗan bai zo da rai ba, aka yi masa sutura a ranar. Mako guda bayan haka wayar ta yi ƙara, muryar dattijuwar nan ta ce jaririnki ya kai girman gwanda, ki riƙa lura da motsinsa. Wayar tasa ce, ita ɗaya ce a gidan, kuma matar tana zaune kusa da shi a lokacin.

Ya ce ya nemi yadda zai tsayar da abin, ya bi allo ɗaya bayan ɗaya har ya iso kan hoton jaririn nan mai tambaya, sai ya kasa, ya kife wayar. Daga baya ya goge manhajar gaba ɗaya, amma saƙonnin ba su daina zuwa ba. Ranar da saƙon barka ya shigo, matar tana gidan iyayenta, ya je gaishe ta, wayar tana hannun ƙanwarta, ita kuwa yarinya ce ta danna kowa ya ji. Ya dube ni ya ce, "Malama, ba ƙara na kawo ba, kuma ba kuɗi nake nema ba. Ina so ne ki gaya wa tsohuwar nan ta daina kiran matata." Ya ɗauka mutum ce ke zaune tana kira, kuma ban iya buɗe baki na gyara masa ba. Na ce Allah ya sa mai ceto ne, ya ce amin, na karɓi lambar na kai wa masu kula da na'ura suka cire ta cikin minti biyu.

Da yamma na buɗe bayanan lambar, abin da na gani ya fi zuwan nasa tayar mini da hankali. A jadawalinmu matar tana cikin rukunin da muke kira masu ƙwazo, saboda kowane saƙo an buɗe shi, wasu har sau uku. Mijin ne yake buɗewa yana neman inda zai kashe su, mu kuma muna ƙirga hakan a matsayin shaidar jin daɗi, muna sa shi a rahoton wata. Alƙalumanmu ba su da hanyar bambanta yatsan mai murna da yatsan mai neman tsira, kuma ban san mata nawa ne irinta suka taya mu cika rahotannin da muka yi ta alfahari da su ba tare da sun zo ofis ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba sabon kuskure muka yi ba. A Disamban 2014 Facebook ya haɗa wa mutane taƙaitaccen tarihin shekararsu cikin ado da zanen masu rawa, ya nuna wa Eric Meyer, wani sanannen mai tsara shafukan intanet a Amurka, hoton 'yarsa Rebecca wadda ciwon daji na ƙwaƙwalwa ya kashe a shekarar tana da shekara shida. Ya rubuta abin da ya same shi, kamfanin ya ba shi haƙuri. A Disamban 2018 Gillian Brockell ta jaridar Washington Post ta rubuta wa kamfanonin fasaha buɗaɗɗiyar wasiƙa bayan ɗanta ya zo babu rai, tana tambayar yadda aka yi na'urorinsu suka gane tana da ciki amma suka kasa gane cewa ta rasa shi, suna ta turo mata tallan kayan jarirai. Na karanta duka biyun tun kafin in zana allon nan mai hoton jariri. Na ɗauke su labarin manyan kamfanoni marasa tausayi, ban taɓa kawo kaina a ciki ba. Alƙaluman ma a fili suke: mujallar Lancet ta ƙiyasta a 2021 cewa ciki miliyan 23 ke zubewa kowace shekara a duniya, wajen kashi 15 cikin 100 na cikin da aka tabbatar, hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya kuma sun ba da rahoto a 2020 cewa kusan jarirai miliyan 2 ake haifa babu rai duk shekara, Najeriya tana cikin ƙasashen da suka fi yawa. Wato matan da muka ƙi yi wa maɓalli suna cikin kowane layin awo da muka taɓa ziyarta.

Washegari aka kira taron gaggawa, saboda wani ya ba masu tallafa mana labari. Shugabanmu ya miƙe a gaban ma'aikata duka ya ce sashen tsarawa ya yi sakaci, an manta da wani muhimmin ɓangare, kuma ya yi mamakin yadda mace za ta manta da irin wannan. Zanen farko mai maɓallin yana cikin kwamfutata, da kwanan wata a jikinsa, da saƙon da ya aiko bayan taron yana jaddada a cire. Ban fito da su ba. Wasu sun ce tsoro ne, ni kuma har yau ina gaya wa kaina cewa na yi shiru ne don na san da bakina na goyi bayansa. Duk da haka ban yafe masa kalmar mantuwa ba, kuma ba zan ɓoye cewa na lura ƙarin girman da aka yi a ƙarshen shekarar ya tsallake ni ya faɗa kan wanda bai ce uffan ba a ɗakin. Shawarata ga mai tsarawa da ke ƙarƙashin irin wannan shugaba ita ce ya riƙa adana kowane zane da kwanan watansa, ya kuma nemi a rubuta masa duk umarnin cire wani abu.

Wata uku na yi ina gyara, kuma a nan ne na zauna da ungozomar nan kamar ɗaliba. Ita ta koya mini cewa mace da ta yi ɓari ba ta son a tambaye ta dalili, ba ta son jerin zaɓi, ba ta ma son ganin kalmar a rubuce. Muka sa maɓalli ɗaya mai cewa a dakatar da saƙonni, taɓawa ɗaya ya isa, kuma aka haɗa shi da na'urar tes da ta murya. Bayan an taɓa, saƙo ɗaya tak ke zuwa, gajere, babu hoto babu kiɗa, yana cewa an dakatar, Allah ya ba da lafiya, idan akwai zubar jini ko zazzaɓi a hanzarta zuwa asibiti. Saƙon barka ya daina fita da kansa sai an tabbatar mana an sauka lafiya. Muka kuma sa kowane saƙon murya ya fara da sallama da ɗan jinkiri kafin a ambaci ciki, don wanda ke cikin mutane ya samu damar kashewa, domin mun gano cewa masu cikin fari da yawa suna jin kunyar a ji irin wannan magana a gaban surukai ko da komai lafiya. Yawan masu ƙwazo ya ragu a rahoton wata, aka kuma tambaye ni dalili a taro har sau biyu.

Sai a lokacin na koma na karanta tsarin da Pieter Desmet da Anna Pohlmeyer na Jami'ar Fasaha ta Delft suka gabatar a 2013, inda suka ce kayan da ake son su kyautata rayuwar mutum suna tsayawa ne a kan abu uku: jin daɗi, da abin da ke da ma'ana ga mutumin kansa, da kyawun hali. Mu na farkon kawai muka rubuta a bango. Kamfanin furanni na Bloom & Wild a Ingila ya fahimci wannan a 2019, lokacin da ya aika wa abokan cinikinsa cewa duk wanda ba ya son tunin ranar iyaye mata ya faɗa a cire shi, kuma abin bai ci masa komai ba illa saƙo guda.

Sauran abubuwan da na koya ba su da tsawo. A gwada kowane allo da wayar aro, domin a gidaje da yawa waya ba ta mutum ɗaya ba ce. Kada a sa fuskar yaro ta roƙi kowa komai. Idan ma'aikacin asibiti ya yi shiru a taro bayan an yi masa dariya, a bi shi waje a tambaye shi.

Kafin in miƙa kwamfutar na duba ko gyaran yana nan yadda na bar shi. Yana nan, sai dai an riga an buɗe sabuwar takardar aiki da ke neman a mayar da maɓallin dakatarwa cikin shafin saituna, wai yana rage kyan allon farko. Na rubuta ƙin amincewata a ƙarƙashinta da cikakken sunana da kwanan wata, na tura wa Hajiya ungozoma kwafi, sannan na kashe kwamfutar.